Mutumin da ke Duban Hagu

A ƙarƙashin gadar Obalende rumfata take,
faɗinta bai fi tabarma biyu ba.
Gilashi nake yankawa, in yi wa hoto katanga:
amare, 'yan makaranta, mamata, masu mulki,
kowa aka kawo sai in gina masa ɗaki mai kusurwa huɗu.

Ranar Talata, ruwa bai gama ɗaukewa ba,
Baba Oyewole, tsohon akawun kotu,
ya zaro takardu biyu daga cikin leda,
yana lallaɓa su kamar ƙwai.
Damina ta shiga ɗakinsa a Ebute Meta,
ta lashi gefensu, ta bar musu shatar ɗorawa.

Mutum ɗaya ne a duka biyun.
Bature, baƙar hula, gemun kwana biyu,
gashin wata dabba a wuyan riga,
sarƙar zinariya ta sauko masa har ƙirji,
irin nauyin da ke hana kafaɗa barci.
Na farko mai launi ne, koren labule a bayansa.
Na biyu ba launi, tsaga ce zalla,
layi bisa layi, sirara kamar gashin ido.
Na kai shi bakin fitila, sai ga kakana a raina,
zaune da ƙwarya da wuƙa a kasuwar Ɗanbatta:
inda yake son duhu ya cika tsaga,
inda yake son haske ya ɗauke hannu.

Na ce, Baba, ga wani abu.
Wannan dama yake duba, wancan kuwa hagu.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce a kan tagulla aka tsaga shi,
da aka danna takarda sai fuskar ta juya.
Waliyyi ne a cocinmu, in ji shi,
amma kafin nan wazirin sarki ne.
Sarki ya ce sa hannu, ya ƙi.
Bai zagi kowa ba, shiru kawai ya yi,
shirun ne ya ci masa wuya.

Ni na san manya ta bayan hotonsu.
In wa'adi ya cika a dawo mini da katako,
in zare fuska, in goge gilashi, in cusa wata.
Ƙusar bango ba ta da jam'iyya.
Amma ban taɓa ɗaure wanda ya tuɓe sarƙa da hannunsa ba.

Akwai wata takarda a aljihun teburina.
Yaron shugaban kasuwa ya kawo ta,
wai in dangwala cewa filin da ke gefena
ba a taɓa zama a kansa ba.
Shekara goma sha tara Iya Risikatu na gasa ayaba a nan,
hayaƙinta ne ya yi wa rufina baƙi.
Juma'a za a zo karɓa.

Na busar da su a tsakanin jaridu,
na yanka gilashi biyu, na buga ƙananan ƙusoshi,
na rataye ɗaya nan, ɗaya can, kafin mai su ya dawo.
Sai suka koma suna kallon juna,
mai launi da mai tsaga,
tebur a tsakaninsu, ni a bakin tebur.
Motoci na ruri a kanmu, gada na rawar ɗari,
ɗan kamasho na kiran Yaba, Yaba,
su ko ƙiftawa.

Ba addininmu ɗaya ba, ban iya ma faɗin sunansa ba.
Wuyana kuwa ina son abina.

Da yamma gilashi ya yanke ni a babban yatsa,
daidai inda tawada ke kamawa.
Ban ce da gangan ba ne, ban ce ba da gangan ba.
Na naɗe shi da tsumma.
Zai kai ni Juma'a, wataƙila har Litinin.
In ya warke kuma,
sauran bakina.