Kwanso Wofi a Anantapur

Obulamma ta tuge tushe ɗaya, ta girgiza,
jar ƙasa ta zubo mata tsakanin yatsu.
Ta matsa kwanso: fus.
Ta matsa wani: iska.
Gona kore shar har gindin duwatsu,
ƙarƙashi kuwa sai sunan gyaɗa.

Jikanta Tippanna ne ya ciwo bashi,
buhun yuriya uku a bayan babur,
ya ƙara fotash don kada maƙwabta su raina shi,
ya watsa kamar mai rabon kayan biki.
Ganye ya ci, ya yi ƙiba, ya manta da haihuwa.

Saiwa ma ta koyi lalaci.
Ƙananan ƙulle-ƙullen nan na jikinta,
waɗanda in ka fasa za ka ga ja kamar dasashi,
masu kamo mata abinci daga iska kyauta,
sun ga an dafa an kawo, suka ajiye aiki.
Wa ke zuwa rijiya, ruwa na malala a ɗaki?

Sunkamma, malamar gona, ta zo ranar kasuwa,
ta tsuguna, ta murza ƙasa, ta daɗe ba magana.
Ta ce: akwai abin da uwa ba ta iya aika wa ɗanta.
Fure ya faɗi, tsinke ya sunkuya ya huda ƙasa,
daga nan kwanso da bakinsa yake tsotsar kalsiyam
a nan inda ya kwanta, cikin duhu.
Ku kuma kun cika ƙofa da fotash,
baƙo ya tare hanya, mai gida na waje.

Tippanna ya dubi ƙafarsa.

Bana fosfaras suka binne tun ranar shuka,
ɗan kaɗan, kusa da iri, don saiwa ta yi nisa.
Kwana arba'in, fure na rawaya,
suka barbaɗa farar hodar jifsam a gindi,
tsohuwa na bi da kwandon kashin shanu
don ita har yanzu ba ta yarda da buhu ba.

Ruwa ya yi jinkiri sati biyu, sannan ya zo.

Yau ta tuge, ta matsa: ƙas!
Ƙwaya biyu, jajaye, sun cika ɗakinsu.
Ta ba yaron ɗaya, ta tauna ɗaya da sauran haƙoranta.
Bashin bara yana nan, bai gaji da jira ba,
amma ta sake sunkuyawa
ta kama tushe na gaba.