Abin da Yaɓe Ya Rufe

Yau da hantsi a Birni, gidan magadan Hajiya Falmata,
na sa cokalin gini a bangon zaure
don in ɓamɓare tsohon yaɓe.
Sai wani yaɓen ya leƙo daga ƙarƙashi,
ja da fari, zanen hannun wani magini
wanda ba mai riƙe da sunansa a Damagaram.
Yarona Kyari ya ce, Baba, mu farfashe, rana na yi.
Na ce masa, dakata.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan
guzurin hajji ya ƙare mini a bakin Nilu,
ƙasar Nuba, inda dabino ke tsaye kamar masu jiran fito.
Masu tonon tarihi suna neman hannu,
na shiga layi da kwando a ka.
Wata biyu muna kwasar yashi,
ba mu ga komai ba sai tsingaro,
su kuwa suna sa masa lamba kamar dukiyar marayu.

Ran wata Laraba tudun ya buɗe baki.
Bango ne. Aka karɓe mana shebur,
aka ba mu ɗan burushi, na goge takalmi ya fi shi girma.
Ni na share goshin.
Sai ga ido biyu, manya, a buɗe,
sun yi ɗaruruwan shekaru suna kallon yashi
ba su ƙifta ba.
Baƙin mutum ne, kamar kawuna na Mirriya,
ya rungume littafi a ƙirji,
wani hannu dafe da kafaɗarsa,
mai hannun kuwa gishiri ya cinye shi.

Suka ce coci ce, wannan limaminta.
Na ja da baya, na yi a'uzu.
Wani tsoho ɗan ƙauyen, mai tabon sujada a goshi,
ya tsuguna ya daɗe yana dubawa,
can ya ce, hancin nan na gidanmu ne.
Ba wanda ya yi dariya.

A gaban bangon daɓe ya lotsa wuri biyu
inda gwiwoyi suka cinye shi.
Wannan kam na karanta ba tafinta.
Da la'asar muka fita, ni da tsohon,
muka shimfiɗa buhu a kan yashin da muka kwashe,
muka fuskanci alƙibla,
idanun nan suna bayanmu.

Daga baya sun yanke bangon kamar ƙwarya,
suka naɗe shi da auduga, mota ta tafi da shi.
Na samu kuɗin jirgi, na ga Ka'aba, na dawo.
Ban taɓa ba kowa labarin ba,
ina zan fara, a majalisar ƙofar masallaci?

Magada siminti suke so, sumul, launin toka.
Za su samu.
Amma na aiki Kyari ya kira mai garuwa,
jarka biyu, a tsadar ruwan garin nan,
na kwaɓa jar ƙasa mai laushi da hannuna,
na lulluɓe zanen tukuna
yadda ake rufa wa mai barci zane,
don in wani ya zo da ɗan burushi wata rana
ya tarar ba a ji masa ciwo ba.

Kyari yana ta ƙunƙuni, rabin yini ya tafi.
Gobe zan biya shi daga aljihuna.