Littafin Sada

Mu arba'in da ɗaya ne a waya,
mu tara muka zo gindin bedi
bayan Ƙofar Marusa, ranar Laraba da la'asar sakaliya.
Babura a jere, akwatuna ɗaure a bayansu,
kowanne da ƙamshin abincin da ba mu ci ba.

Sada ya zo da littafi mai jan bango,
ya ja layi da gefen katin cirar kuɗi:
suna, lamba, ɗari biyu duk mako.
Ya ce, "Ga ofishinmu nan kafin Allah ya hore ɗaki."
Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

Maganar Rabe ce ta tara mu.
Watan jiya a shataletalen Ƙofar Ƙaura
mota ta kwashe shi da kulolin biki uku,
ƙafa ta karye, shinkafa ta watse a kwalta.
Yana kwance wayarsa ta yi ƙara, ni na ɗauka,
muryar ta ce, "Miyar dai ba ta zube ba ko?"
Mai babur kuwa ya aiko a karɓi makulli
tun ma'ɗori bai gama wanke hannu ba.

Mannir ya miƙe, shi ne mai karatu a cikinmu,
takardar shaidarsa na ƙarƙashin katifa tana hutawa.
Ya ce 'yan kurkura na da ƙungiya,
mahauta na da sarki, masu faci ma na da shugaba,
mu kaɗai muke watse kamar geron da faifai ya kifar.
A sa farashi ɗaya, a biya man dawowa,
wanda ya faɗi kada a bar shi da kwalta.

Tasi'u ya tofar da ɓawon rake.
"To, wa za mu yi wa yajin?
Ni Hajiya Lantana mai turaren wuta nake wa aiki,
kai mai gashin kaji na bakin titi,
wancan wata manhaja ce da ba ta da ƙofa
balle mu je mu tsaya a bakinta.
Mu aje makulli da safe,
kafin azahar yara goma sun ɗauka a rabin kuɗi.
Yunwa ba ta yankar katin ƙungiya."

Babu wanda ya ce ƙarya yake.

Sai wayoyi suka fara.
Bishir ya leƙa tasa, ya ce bari ya kama ruwa,
muka ji tashin babur ta bayan katanga.
Wani ya bi shi, ko uzuri bai nema ba.
Tawa ta motsa a cinyata:
magani ne, daga Rafin Daɗi zuwa Dutsin Safe.
Na kife ta. Ta sake motsawa.
Na tuna tankina, na tuna bashin mai shago,
na zaro ɗari biyu duk ta sha gumi,
na ɗora kan littafin ban dubi idon Sada ba,
na ba babur wuta.

Bayan isha'i ya kira ni, muka tafi Sabuwar Unguwa.
Dubu ɗaya da ɗari huɗu, mutum bakwai ke nan,
har da Tasi'u, wanda ya biya yana mita.
Ba su kai kuɗin allura biyu ba.
Rabe ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya tura ƙarƙashin matashi,
ya ce a miƙo masa littafin.
Ya rubuta sunansa a layi na takwas, hannu na rawa,
wajen kuɗi ya sa: bashi.

Muna neman takalma a zaure ya ɗaga murya,
"Laraba mai zuwa a yi taron a nan.
Ni dai ko waya ta yi ƙara,
kun san ba inda zan ruga."