Ruwan Gatari

A maƙerar Mijinyawa, bayan tashar Madarunfa,
na yanko sifirin na tsohuwar gingimari,
na zuga har ya yi jan gauta,
na tsoma shi ruwa. Ya yi tsaki, ya yi shiru.

Magagari ya bi ta kansa, bai ci ba.
Na ce: Baba, ga gatari!
Sara ɗaya a kututturen ƙirya,
bakin ya ɓalle kamar tsingaro.

Bai yi faɗa ba. Goro ya ɓara.
"Illo, taurin kai ka ba shi,
ba ka ba shi haƙuri ba.
Sake masa baki, ka shayar,
ka aje shi gefen garwashi, nesa da zugazugi.
In ka ga launin karan gero, jira.
In ya kai wuyan tattabara, ɗauke."

Sai ya jawo sanduna biyu, uwa ɗaya:
guda ta huce cikin toka,
guda ta sha ruwa da rarrashi.
Ya danna kaɗan, rusunawarsu ɗaya.
Ya danna da gaske,
ta toka ta zauna a lanƙwashe,
ɗayar ta miƙe tana kyarma.

Yau gatarin na Tibiri, hannun wata mai itace.
Damina uku.
Ba ta dawo ba.