Sa Hannu

A bankin Stromness, ranar Talata,
ma'aikaciyar ta dubi takarda, ta dube ni:
"Thora, ki sake sa hannu. Bai yi kama ba."

Na sake. Alƙalami ya sulluɓe,
harafin farko ya karkace kamar turken da teku ta ci.

Shekara goma sha tara ina ɗaure jirgin fito,
ko cikin duhu yatsuna sun san ƙulli.
Yau maɓalli ɗaya ke cinye mini hantsi.

Likita a Aberdeen ya haska hoton ƙwaƙwalwata,
fararen ɗigo-ɗigo,
ya ce rigar jijiyoyi ce ke zagwanyewa.
Ya ba ni haruffa biyu, em da es.
Tun ranar su ke riga ni shiga ɗaki.

Wata rana ƙafar tawa ce,
wata rana ta aro.
Erlend kan ce "ya jiki?"
A da "ya teku?" yake cewa.

Jiya jikata ta zo, igiyar takalmi na ja a ƙasa.
Hannu ya ƙi.
Sai na ɗaura da baki: zagaya, cusa, ja.
Ƙullin ya kama.

Na daɗe ina kallonsa.
Wannan sa hannuna ne,
ko banki bai yarda ba.