Fijon Nomau da Motar Ɗansa

A garejina na Jega, bakin hanyar Aliero,
motoci biyu suka kwana hanci da hanci.
Ɗaya Fijon Nomau ce, mai launin kunun kanwa,
ta girme ni da damina uku.
Ɗayar ta ɗansa Jabbi,
ko ledar kujerunta bai yarda an ɓare ba.

Jabbi ya zaro takarda yana karanta mini:
ƙarfin doki ɗari da saba'in,
giya takwas, ita ke canza wa kanta,
lita biyu ta kai shi Maiyama har da saura.
Nomau ya gyara goro a kunci ya ce,
"Ladan, tawa doki nawa gare ta?"
Na ce, "Can da, sun kusa ɗari.
Yanzu wasu sun mutu,
sauran sun koma jakuna."

Giyarta huɗu, ta biyun sai da lallashi.
Tana shan mai kamar rairayi ya ga ruwa.
Ƙofar baya igiya ke riƙe da ita,
in za ta tashi da asuba
sai an nemo ƙarti uku da gangara.
Amma in ta yi tari, kunnena ya gane:
wannan kafireta ce, wancan filogi.
Sifana goma da waya, na sallame ta.

Sabuwar ba ta tari, ba ta nishi.
In ciwo ya kama ta
'yar fitila take kunnawa ta yi gum,
ni da sifanata mu tsaya kamar baƙi a gidan biki,
har a kira yaro daga Birnin Kebbi
ya zo da kwamfuta ya tambaye ta.

A kan kwalta ba a haɗa su.
Kafin Nomau ya sami giya ta uku
Jabbi ya sha shayi a Andarai.
Amma ranar da aka kwashe albasa a fadama,
Fijo ta ɗau buhu tara, gindinta ya zauna,
ta fito tana kuka, ta dai fito.
Ta Jabbi buhu biyu aka sa mata,
cikinta ya gogi kunya, bamba ta rabu,
shi kuma sati guda yana fesa turare.

Na ɗauka nan maganar ta tsaya.
Sai bara, da bayan Nomau ya ƙi miƙewa,
aka ce a kai shi asibiti.
Ya dubi Fijo, ya dubi ramukan da ke gabansa,
ya ce a kawo ta yaron.
Sanyin esi ya buge shi, kujera ta kwanta da shi,
tun kafin su haye gada yana minshari.

Da ya dawo bai ce ta fi ba.
Cewa ya yi, "Ta iya ɗaukar mara lafiya."

Fijo tana nan ƙarƙashin dalbejiyata,
kaza ta yi ƙwai a bayan kujera.
'Yan gwangwan sun taya sau huɗu.
Makullin yana aljihun Nomau,
duk Juma'a yakan zo ya ce in duba mata ruwa,
ni ma in buɗe lagireto in zuba.