Mai Riƙe Laimar Abba Fisseha

Shekara ashirin da shida ina bayansa da laima,
na san ƙeyarsa fiye da fuskarsa.
Birru sunana. Ban iya karatu ba,
amma jijiyoyin wuyan nan na karance su
yadda shi ya karance Zabura.

Ɗan majemi ne daga gaɓar tafkin Tana.
Ya iso fadar Habasha warin jima bai bar shi ba,
buzu ɗaya, littafi ɗaya a rataye,
da muryar da in ya ɗaga ta a coci da asuba
tsofaffi kan manta da sandunan da suka dogara a kai.
Uwar sarki ta ji, ta ce a kawo shi
ya koya wa ɗanta baƙaƙe.

Yaro ya girma, ya hau gado.
Malami ya hau alfadari mai ƙararrawar azurfa.
Laima ta tashi daga saƙar ciyawa
ta koma karan-miski mai gezar zinariya.
Nauyinta, kafaɗata ce ta sani.

Na ga barade masu gezar zaki a ka
suna jiran Abba ya gama wanke hannu.
Na ga alƙalai suna leƙen girarsa
kafin su gane wa ke da gaskiya.
Kantun gishiri, wanda shi ne kuɗinmu,
ya cika ɗaki bakwai, har bango na zufa da damina.
Azumin Laraba da Juma'a bai taɓa wuce shi ba,
sai dai da giyar zuma yake buɗe baki,
a ƙahon da sarki ya kurɓa ya miƙo masa.

Wani dare cikin ruwan watan Hamle
aka aiko. Ba fitila, ba ganga.
Wai ƙanin sarki ya zame daga kan dutse,
shi da ya tashi yana tsere da awaki a dutsen.
Ina bakin ƙofa, kuka na ratso labule,
irin na yaron da harafi ya gagara.
Abba ya ɗora masa gicciye a goshi,
ya ce an yafe.
Da muka fito na buɗe laima.
Ya ce, "Naɗe ta, Birru."
Haka ya jiƙe har gida.

Za ka ce ai ya ƙara shiga ran sarki.
Ina! Wa ke ƙaunar idon da ya gan shi tsirara?
In Abba ya shigo sarki ya dubi ƙasa,
daga baya ya koma duban bango,
daga baya aike ya ɗauke.
Bango ya tsage, ƙadangaru suka sami hanya.
Tessema, mai sumbatar takalminsa jiya,
shi ya zo da masu ƙirga gishiri.
Ko kantu ɗaya ba su ƙara na ƙarya ba.
Ba sai sun ƙara ba.

Ba a kashe shi ba. An karɓe zobe, an karɓe alfadari,
an ce ga tsibiri can, ya je ya yi ta addu'a.
Ba wanda ya ce in bi shi.
Ƙafa ce ta saba.

Kwalekwalen ciyawa ba shi da wurin tsayuwa a baya,
dole muka zauna fuska da fuska.
Ashe yana da tabo ƙarƙashin idon hagu.
Ya ce wuƙar jimar ubansa ce.
Ya dube ni, ya ce, "Kai ma ka yi furfura."

Damina huɗu yana kankare fatar akuya
don sufaye su sami abin rubutu.
Hannunsa bai manta ba.
Ya rasu ran wata Laraba, da azumi a bakinsa.

Sarki ya aiko da laimar karan-miski don jana'iza.
Ta iso bayan kwana tara.
Sufaye na shanya barkono a kanta.